Mai Mabuɗi da Hanyar Tasawa

Zango, Damagaram

Zuwa ga ɗana Abba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina roƙon Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya sa ka fita lafiya ka komo lafiya.

Kumandan ya sa hannu a takardarka. An ba ka layin wasiƙu na yamma, har Tasawa da Maraɗi, kuma za ka tashi bayan kasuwar Alhamis. Dokar gidan waya ita ce mai kai wasiƙu ya zo da kekensa. Innarka ta gaya mini ka riga ka yi magana da Bakanon nan mai rumfa kusa da dukawa, ya ajiye maka Mai Mabuɗi sabo, ranar kasuwa za ka karɓa. Ta ce da ta tambaye ka dalili, sai ka ce irin keken da Baba ya hau ke nan, wanne kuma za ka nema.

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ina so ka dakata, kada ka karɓi keken nan sai ka karanta wannan har ƙarshe. Ka san halina. In muka zauna a zaure, daga tambayar aiki sai tambayar gajiya, sai in sallame ka. A takarda na fi iya magana.

Lokacin da na fara aiki a biro, wato ofishin kumanda, kekunan garin nan ba su da yawa, kowanne an san mai shi. Iri biyu ne. Akwai wanda fatake ke kawowa daga Kano, ƙirar Ingila, da farantin tagulla a goshinsa mai hoton mabuɗi. Akwai wanda ke zuwa ta kantunan Faransawa, mai hoton barewa. Sunayen da masu ƙera su suka sa musu ba wanda ya wahalar da bakinsa a kansu, hoton muke kira. Duk Juma'a bayan la'asar mukan fita hanyar Mirriya mu yi tsere, mu dawo mu huta a wuri ɗaya bayan gari. Masu Mabuɗi su jingine nasu a gindin tsamiya, masu Barewa su jingine a jikin dutsen da ke gefe. Ba wanda ya tsara haka, kuma ba wanda ya taɓa saɓawa. Salka ɗaya muke sha, goro ɗaya muke fasawa, amma kekuna ba sa haɗuwa.

A cikin masu jingina a dutse akwai Malam Ari, wanda kuke kira Baba Ari kuna ƙanana. Ban sani ba ko kana tuna fuskarsa. Benci ɗaya muka zauna a lakkwal muna 'yan makaranta, tebur ɗaya muka yi aiki a biro. In ya hango ni tafe sai ya ɗaga murya ya ce, "Sani, yau ma jakin ka fito da shi? Ka dai ba shi dusa ko?" Ni kuwa sai in ce masa ya riƙe nasa da kyau, iska na tasowa, kada mu je neman sa a Hamdara. Haka muke kowane mako, ba mu taɓa gajiya da wasan ba.

Keken da na fara saya Mai Mabuɗi ne nagari, ba yabon mai shi ba. Yana da nauyi, a hawa yakan ci ƙafa, amma bai taɓa ba ni kunya ba. Ya ɗauko buhunan hatsin innarka daga gona, ya ɗauke ka a baya kana riƙe da rigata kana ihu in ƙara gudu. Shi ne ka sani, shi ne kake nufi in ka ce keken Baba. Kuma daga gare shi kuskurena na farko ya fito, domin na ɗauki nagartar keke ɗaya na shafa wa duk abin da ke ɗauke da hoton mabuɗi.

Da ya tsufa, na tafi kasuwa sayen wani, Ari ya raka ni. Na hango farantin yana walƙiya tun daga nesa. Ari ya ce in hau in zagaya kasuwa, in ɗaga shi in ji nauyinsa, in juya ƙafa in saurara. Na ce ba sai na yi ba, mabuɗin ya ishe ni shaida. Damina ɗaya ba ta wuce ba fenti ya fara tashi, wuyan ya tsage a wajen mahaɗa. Da maƙeri ya cire farantin don ya yi gyara, sai ga ramukan ƙusa na daban a ƙarƙashinsa, waɗanda ba su dace da na farantin ba. Wasu suka ce an ciro farantin ne daga mataccen keke aka manna wa na banza a hanya. Wasu suka ce a can ƙasar tasu ne aka fara rage ƙarfe aka bar suna. Ban gani da idona ba, saboda haka ban ɗora wa kowa ba. Abin da na gani shi ne na sayi faranti mai kyau, aka haɗa mini da keke.

Abin da ya fi ba ni mamaki in na tuna, aikina a biro a lokacin ya haɗa da karanta jaridun da ke isowa daga bakin teku da na Kano, in taƙaita wa manya. Kowace jarida da tallar keke a bayanta, kowane mai ƙira yana rantsuwa nasa ne sarkin hanya. Na san sarai wanda ya rubuta tallar bai taɓa taka tsidau ba, bai san yashin Tirmini ba. An horar da mu mu raba abin da aka gani da abin da aka ji, ina kuwa yi a kan labarin kowa. A kan kekena ne kawai na manta.

Saboda haka, kowane keke za ka saya, ka fara dubawa bayan farantin. Ka sa farce ka ji ko ƙusoshin sababbi ne a kan tsohon rami. Ka dubi mahaɗun ƙarfe, in fenti ya yi kauri a wurin ka tambaya me ake rufewa. Ka ɗaga ƙafar baya ka juya ta, ka yi shiru ka saurara. Ka hau. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wanda ya ce zai hau.

Keke na uku da na saya na duba shi ciki da bai, kuma Mai Mabuɗi ne na ainihi. Shi ne rataye a zaure yanzu. Da shi na yi kuskure na biyu, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa, domin a kan hanyar da za ka bi ya faru.

Bayan Gwamna ya koma Yamai, aka tura ni da Ari Tasawa mu yi tafinta a wata shari'ar gona. Bazara ce, ana jiran ruwa. Muna dab da Takieta notin da ke riƙe ƙafar baya ya tsage, ƙafar ta fara rawa. Muka tura zuwa barikin gardi, wato dakarun kumanda, aka fito mana da akwatin kayan gyara. Duk abin da ke ciki na Faransa ne. Ga abin da ya kamata ka sani, don ba a faɗa a rumfar mai sayarwa: notin Faransa da na Ingila a ido ɗaya suke, amma yankan haƙoransu ya bambanta. Na Faransa zai shiga ƙarfen Ingila kaɗan, ya sa maka rai, sannan ya cije.

Ya cije. Ari na tsugune kusa da ni ya ce, "Tsaya nan, Sani. Wannan ba nasa ba ne." Na ce noti noti ne, ƙarfen Mabuɗi kuwa ba abin da zai gagare shi. Na sa ƙarfi na murɗa. Na ji ya saki, na ɗauka ya zauna. Ashe haƙoran sandar ƙafar ne ya cinye. Ba mu yi nisa da gari ba ƙafar ta zame gaba ɗaya, kuma daga nan ko an kawo notin Ingila ba abin da zai kama.

Ari ya ce mu koma mu bar keken wajen maigari, mu hau nasa, ɗaya na tuƙi ɗaya na baya, muna canji. Shawara ce mai kyau, na san haka tun yana faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ji a gindin tsamiya cewa Sani ya shiga Tasawa a bayan Barewa. Na ce shi ya wuce, ni zan tura nawa. Bai wuce ba. Ya sauka ya riƙe ƙahon lafiyayyen kekensa, muka kama tafiya da ƙafa.

Ba ka san wannan hanya a bazara ba tukuna. Daga wata rijiya zuwa wata akwai nisa, wasu ma ka isa ka tarar da laka. Ƙafar da ta zame ba ta juyawa daidai, rabi turawa nake rabi ɗauka. Salkarmu ta ƙare rana na tsaka. Na kai inda nake ganin itatuwa suna motsi ba iska. Kafin salkar ta ƙare, Ari ya yi ta miƙo mini ragowar ruwan yana cewa in sha. Wani makiyayi ne ya ba mu nono da ruwa, ya nuna mana ƙauye. Mun isa Tasawa an riga an ɗage shari'ar, kumandan na can ya yi mana faɗa mu biyu ba bambanci. Keken kuwa a kan raƙumi ya dawo Damagaram, ya yi watanni yana jiran sandar ƙafa daga Kano.

Ni ina da Ari a gefena ranar. Kai kaɗai za ka riƙa bin hanyar nan, da jakar wasiƙu a bayanka wadda ba ka da ikon ajiyewa. Daga Takieta zuwa yamma, duk akwatin gyara da gidan waya ke ajiyewa a bariki na Faransa ne: noti, sarƙa, taya, robar ciki, har bakin famfo. Tayar Barewa ba ta hawa ƙafar Mabuɗi. In robarka ta fashe ka ari famfon abokin aiki, bakinsa ba zai kama ba. Za a ce maka Maraɗi kusa take da Katsina, ana samun kayan Ingila. Gaskiya ne, ranar kasuwa, in an dace. Amma keke ba a kasuwa yake lalacewa ba. Mai Mabuɗi keken hanyar Kano ne, a can ko'ina ka tsaya za ka sami mai kayansa. Da kudu aka tura ka, da ni zan raka ka rumfar Bakanon.

Kada ka ɗauka ina yabon Barewa ne. Na san aibinta kamar yadda na san na nawa. Ƙafafunta ba su da kauri, in ka faɗa rami da kaya sukan lanƙwashe. Birkinta ba ya kamawa sosai in an yi ruwa. Sirdinta kuwa kamar an sassaƙa shi daga dutsen Birni. Amma duk waɗannan ana gyara su a kan hanyar da za ka bi, kuma sauƙinta zai yi maka rana in ka kai inda dole ka saɓa ta a kafaɗa ka ƙetare yashi. Sirdi da ƙararrawa su ne ba ruwansu da ƙasar da aka ƙera keke. Na kwance nawa na shafa wa fatar mai, ka ɗauka ka ɗaura a kan duk wanda ka saya.

Kuma ban ce suna ba shi da amfani ba. Sunan keke tarin abin da mahaya suka gani ne, shi ya sa ake tambaya. Sai dai ka san wa za ka tambaya. Mai sayarwa zai yabi abin da ke rumfarsa. Wanda ya saya jiya zai yabi nasa don kada a ce ya yi wauta, na yi hakan da kaina a kan keken nan mai tsagaggen wuya har ranar da ya tsage. Ka nemi wanda kekensa ya ga damina da yawa a kan hanyar da kai za ka bi, ka ce ya buɗe maka jakar gyaransa. Abin da ka ga ya tara da yawa a ciki, shi ne abin da ke yawan mutuwa.

Saura kuskure na uku. Juma'ar da ta biyo bayan dawowarmu, aka taru ana son jin labari. Na ba da shi yadda zai yi wa mutanen tsamiya daɗi. Na ce notin Faransa ne ya kashe mini keke, kayan Barewa ko taɓa lafiyayyen ƙarfe suka yi sai sun sa masa cuta. Aka yi ta dariya. Ban ambaci wanda ya sauka daga kekensa ya taka da ni ba. Ari na jingine da dutse yana ɓare goro. Ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "Sani, notin dai ba shi ya ɗaura kansa ba." Ya miƙa mini rabin goron, na karɓa.

Ba mu yi faɗa ba, ba mu taɓa yi ba. Mako na gaba bai ce mini komai a kan jaki da dusa ba, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida abokin aiki. Daga baya ya rage fitowa. Da aiki ya ragu a biro ya nemi a mai da shi Takieta, ya yi aure a can ya zauna. Mun yi ta aika wa juna gaisuwa na ɗan lokaci, sannan ta tsaya, ban san a hannun wa ta tsaya ba. Na daɗe ina cewa zan hau in je in an gama girbi. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa ko zuwa masallacin Juma'a.

A layin da za ka shiga akwai masu kai wasiƙu da suka riga ka. Za ka tarar da su da nasu wasan, kowa da irin keken da yake rantsuwa da shi. Ka yi wasa, wasan yana rage nisan hanya. Amma in wani ya tsaya maka a daji, ka faɗa a gaban mutane, ko da labarin zai rage daɗi. Su ne za su lura in ba ka iso a kan lokaci ba, su ne za su fito nemanka.

In na zauna a zaure da hantsi, wani ya wuce yana kaɗa ƙararrawa, har yanzu nakan gane irin keken kafin in ɗaga kai. Ba tseren nake kewa ba. Abin da ke dawo mini shi ne fita bayan asuba, ka wuce duwatsun gari sanyi bai tashi ba, yashi ya kwanta da raɓa, ba ka jin komai sai sarƙa da numfashin wanda ke gefenka. Na so a ce mun yi irin wannan fita da kai ko sau ɗaya, kai a naka ni a nawa. Ka girma lokacin da ni na sauka. Innarka ta fara daka maka garin tafiya tun shekaranjiya, ta daka abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗakinka ta ce a bar shi yadda yake. Ba ka tafi ba tukuna, amma gidan ya fara yin shiru.

Ga abin da nake so ka yi. Ka je wajen Bakanon kafin Alhamis, da ƙafarka, ba aike ba. Ka gaya masa mahaifinka ne ya ce a dakata, ka ba shi haƙuri, don ya ajiye maka kaya bisa maganarka kuma yana da hakki a kanka. Ka bi raƙuman kayan gidan waya zuwa Takieta. Masu kai wasiƙu sun ce Ari ya bar aikin biro, amma zaurensa ya zama wurin da duk mai keke ke tsayawa, kuma ba a sayar da Barewa a yankin ba tare da ya sani ba. Ka durƙusa ka gaishe shi kamar yadda kake gaishe ni. Ka gaya masa layin da aka ba ka, ka bar shi ya zaɓa maka. In ya tambayi lafiyar jakina, ka yi dariya, ka ce yana nan a rataye. Ka ce ina gaishe shi, kada ka ƙara komai a kai.

In kuwa ka karanta duk wannan zuciyarka na kan Mai Mabuɗi, ba zan yi fushi ba, kai za ka hau. Sai dai kada ka bar rumfar sai da sandar ƙafa ta ajiya, da notuna nasa, da robar ciki, da famfonsa, ko da za ka rage tufafi don su sami wuri. Kuma kowanne ka hau, in noti ya cije ka tsaya. Salkarka ta cika kafin ka bar kowace rijiya, ko da ba ka jin ƙishi. In keke ya mutu a inda ba mutane, ka bar shi ka ɗauki jaka da ruwa. Ana sake sayen keke.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na rana da na mutum. Ya haɗa ka da abokan tafiya nagari, Ya sa shugabanninka su ga alherinka. Ya dawo mana da kai da Sallah a kan ƙafafunka, mu ji shigowarka tun daga bakin lungu. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka, ko da yake kana ganinsu kullum har zuwa Alhamis.

Mahaifinka,
Sani

Na aika wa Ari saƙo ta hannun mai kai wasiƙun Takieta cewa kana tafe. Mai wasiƙun ya dawo ɗazu. Ya ce ya sami gidan, ya ga kekuna a jingine a ƙofa, amma an ce masa malam ya tafi ƙauye ta'aziyya, sai ya bar saƙon wajen iyali. Ko ya kai hannunsa, ban sani ba tukuna.